Ƙyallen Bana

Igiyar ba ta kai ga ruwa ba tsohon ya sake ta. Tela yana tsaye a gefensa da guntun ƙyalle a hannu, yana jiran a ce masa miƙo, sai ya ga igiya tana zurarewa cikin rijiya da gudu. Ya kai ƙafa ya take bakinta. Kafin ya waiwayo, tsohon, Mai Rijiya, ya zame ya jingina da gindin rijiyar, bakinsa ya karkace gefe guda, hularsa ta faɗa cikin taɓo.

"Kai Kwaɗo, wane irin wasa ne wannan? Tashi mana, mutane na kallo."

Tsohon bai tashi ba. Ido ɗaya yana kallon Tela, ɗayan yana kallon wani wuri daban.

"Auta! Auta, fito, babanki!"

'Yar tsohon ta fito da kumfar wanki har gwiwar hannu. Aka tare mota, aka ciccibe shi. Sai da motar ta sha kwana Tela ya lura har yanzu ƙafarsa tana kan igiya. Ya jawo ta, ya naɗe yadda ya iya, ya jefa a bayan ƙofar gidan tsohon.

Shekara arba'in ke nan katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa jin ɗayansu ya kira ɗaya da sunan mutunci. Tela yana kiransa Kwaɗo, wai don rabin rayuwarsa a cikin rami ya yi ta. Shi kuma yana kiran Tela Ɓarawon Ƙyalle, wai duk wanda ya kai masa yadi biyar, huɗu da rabi yake sawa a jikinsa. Rijiyoyin unguwar kuwa, daga wadda ya haƙa sai wadda ya yashe. Wannan ta bakin layi, da ke tsakanin ƙofofinsu, ita ce ta farko.

Ita igiyar ba ta guga ba ce. Guntun ƙarfe ne a ɗaure a ƙarshenta. Kowace shekara, idan rani ya kai maƙura, ana gab da ruwan farko, tsohon yakan zura ta a hankali har ya ji ƙarfen ya taɓa ruwa, sai ya riƙe daidai inda igiya ta gogi bakin rijiya, Tela ya miƙo ƙyalle, a ɗaura a wurin. Shekara talatin da ɗaya suna wannan. Ba wanda ya sa su, ba wanda ya taɓa tambayar su dalili. Tsohon bai iya rubutu ba, bai kuma riƙe shekaru. Tela ne ke karanta igiyar, domin kowane ƙyalle ragowar ɗinkinsa ne na wannan shekara. Shuɗin nan na kayan makarantar babban ɗansa ne. Mai ɗigo-ɗigon na labulen asibiti ne, shekarar da aka ba shi aikin. Farin nan mai taushi na rigar ƙarshe ce da ya ɗinka wa uwar Auta.

Ƙyallaye ashirin na farko a cushe suke wuri guda, tafin hannu biyu ya rufe su. Ruwa yakan ɗan sauka, wata shekarar ya ɗan hau. Daga na ashirin da ɗaya suka fara guje wa juna. Yatsa huɗu, taƙi ɗaya, taƙi biyu, sannan kamu guda cur. A shekarar ƙyalle na ashirin da ɗayan ce aka yanka gonakin gabas aka gina rukunin gidaje na farko, aka malale kowace tsakar gida da siminti, kowane mai gida ya huda burtsatsensa.

"Gona ce bakin ƙasa," in ji tsohon ga duk wanda ya tsaya saurare. "Ta nan take sha. Ka toshe mata baki da siminti, ka zura mata bututu ɗari a ciki kana tsotsa, sannan ka ce me ya sa ta rame?"

Yanzu kuma ga allo an kafa a bakin gonakin yamma, waɗanda su kaɗai suka rage. A jikin allon akwai gidaje farare a jere, da ciyawa shar, da wata mata tana tura yaro a keke, da ruwa yana tsiri sama a tsakiyar shataletale. Gida ɗari huɗu. Hukumar tsara gari ta sa ranar da za ta saurari mutanen unguwa, kuma tsohon ya daɗe yana shirin ranar. Ƙyallen bana kawai yake jira ya ɗaura, ya ɗauki igiyarsa ya je ya shimfiɗa ta a gabansu.

Kwana biyar ya yi a asibiti aka sallamo shi. Likita ya ce ɓarin dama ya shanye, a kai shi gida a yi ta lallaɓawa. Wanda ya san asibiti ya san me ake nufi da lallaɓawa.

Aka kwantar da shi a ɗakinsa na bakin ƙofa, inda digarsa da gajeren shebur ɗinsa suke jingine, da tsohon bokitin da ya fitar da ƙasar rabin unguwa. Ɗakin yana warin man shafawa da danshin siminti. Tela ya shigo da yamma ya zauna a kan bokitin.

"To, Kwaɗo, an kwanta ana hutawa, an bar mu da aiki."

Tsohon ya motsa baki. Maganarsa ta koma kamar ta wanda ya cika baki da auduga, sai ka sunkuya.

"Igiya."

Auta ta ɗauko. Ya dubi naɗin da Tela ya yi mata ya ja tsaki, kuma tsakin nan ya fita sarai, cutar ba ta taɓa shi ba. Ya sa Auta ta warware ta sake naɗewa a gwiwar hannunta. Sannan ya karɓi bakin igiyar da hagu, ya kama da haƙori, ya zagaya, ya cusa, ya ja. Ya daɗe yana yi, gumi yana gangaro masa ta bayan kunne, ba wanda ya yi ƙoƙarin taya shi. Ƙullin masu shiga rijiya ne, irin wanda mutum ke ɗaura wa ƙugunsa ya miƙa ransa gare shi. A duk unguwar shi kaɗai ke yin sa.

Ya tura naɗin wajen Tela.

"Kai... ka iya... karantawa."

"Ni? A gaban manyan mutane? Ka san ni da taro, ko awon wuyan babban mutum zan yi sai hannuna ya yi rawa."

"Shimfiɗa... kawai. Su gani."

"Za su ce mahaukaci ya zo shanya."

"Ɓarawon... Ƙyalle." Rabin bakin da ke aiki ya yi murmushi. "Biya... abin da ka sata."

Tela ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ya ji, ya ɗauka, zai shimfiɗa ta tun daga teburinsu har bakin ƙofa. Ya rantse ma, ba tare da an nemi ya rantse ba.

Abin da bai faɗa wa tsohon ba yana shagonsa a jibge. Mako biyu kafin faɗuwar, wakilin kamfanin gidajen ya tsaya da mota a ƙofar shagon, wani mai fara'a da agogo a hannun dama, ya sauke bandir-bandir na yadi ruwan lemo. Rigunan ma'aikata, ɗari biyu a zubin farko, in an fara gini a ƙara. Ya ce kamfani yana son 'yan unguwa su amfana. Tela kuwa ya shekara uku yana zaune yana kallon mutane suna wuce shagonsa da kayan kanti a leda. Abin da ake kawo masa bai wuce zip ya lalace ko wando ya yi tsawo ba. Keken ɗinkinsa har ya fara tsatsa a ƙafa. Ranar da yadin nan ya iso, matarsa da kanta ta zo ta share shagon.

Ita ce ta ga igiyar a cikin jakarsa da safen ranar taro.

"Wannan fa?"

"Saƙon maƙwabci ne."

"Na san saƙon waye. Tambayata, ina za ka da shi?"

"Shimfiɗawa kawai zan yi. Ba zagi, ba faɗa."

"A gaban mutumin da ya kawo maka aiki? Malam, ka dube ni. Shi Baban Auta ya gama nasa, Allah ya ba shi lafiya. Gidajen nan da igiya da ba igiya sai an gina su. In ka je ka buɗe baki aka zo aka kwashe yadin nan, sai ka dawo mu dafa igiyar mu ci."

"Ruwan da kike dafa abincin fa, daga ina yake fitowa?"

"In ya ƙafe mu saya a jarka kamar kowa. Amma da me za mu saya?"

Ya rataya jakar ya fita, yana jin ƙarfen yana bugun cinyarsa a kowane taku.

A zauren makarantar unguwa aka yi taron. Manya suka zauna a kan bencin yara, gwiwoyi a ƙirji. A gaba an sa dogon tebur da farin ƙyalle, da robobin ruwan sanyi a jere, kowane babba da tasa. Jami'in hukuma a tsakiya, injiniyan kamfani a damansa, wakilin nan mai fara'a a hagu. Tela ya samu wuri a layi na uku, ya sa jakar tsakanin ƙafafunsa.

Injiniyan yaro ne mai ladabi, ba za ka ce masa maƙaryaci ba. Ya haska hotuna a bango. Ya ce za a dasa bishiya dubu. Ya ce kowane gida da fitilar hasken rana. Da aka zo kan ruwa ya ce sun yi gwaji, sun huda ƙasa can ƙasa sosai, ruwan da ke wurin zai ishi gida ɗari huɗu har jikoki.

Wata mai sayar da ganye ta miƙe daga baya, ba ta jira an ba ta izini ba.

"Ɗana, naku mai zurfi ne, mun ji. Namu fa? Rijiyar gidana a da igiya biyu nake ƙullawa in ja ruwa, yanzu sai na ƙulla uku. Tun da aka yi gidajen gabas muke ƙara igiya kamar masu kiwon raƙumi."

Aka yi dariya, aka yi guna-guni na goyon baya. Injiniyan ya ce ai rijiya takan sauka ta hau, ya danganta da damina, kuma ba su da wani awo da ya nuna gidajen gabas ne sanadi. Jami'in ya ɗaga hannu aka yi shiru. Shi ma ba mugun mutum ba ne, gajiya ce kawai a fuskarsa.

"Jama'a, ni da abin da aka nuna mini nake aiki. An ce, an ce, ba ya shiga fayil. Akwai wanda ya taɓa auna rijiyar nan shekara da shekaru? A rubuce ko ba a rubuce ba, in dai abin da ido zai gani ne, a kawo. In akwai, doka ta ba ni dama in dakatar a sake bincike."

Fanka tana juyi a sama tana ƙara kamar keken da ba a sa wa mai ba. Mutum biyu ko uku da suka san zancen igiyar suka juyo suna duban Tela. Ya sunkuya, ya zura hannu a jaka, yatsunsa suka sauka a kan ƙullin. Ɗaya hannun ya ɗaga shi, bai kai sama ba, bai kuma tsaya a ƙasa ba.

"Baba na layi na uku, kana da magana?"

Ya miƙe, jakar tana ƙasa. Kafin ya ce uffan, wakilin kamfani ya jawo abin magana gabansa, fuskar nan tasa kamar an shafa mata mai.

"Ranka ya daɗe, wannan ai telanmu ne. Shi ke ɗinka wa ma'aikatanmu riguna. Kun gani ko? Ba a aza bulo ɗaya ba, amma ɗan unguwa ya fara cin moriya. A tafa wa Baba."

Aka tafa. Wasu da gaske, wasu don sun ga ana yi. Wakilin bai yi masa barazana ba, ko kallon banza bai yi masa ba. Murmushi kawai yake yi yana jira, kamar mai jiran a gama masa awo.

"Muna jin ka, Baba," in ji jami'in.

Tela ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

"Cewa zan yi... Allah ya sa alheri a ciki."

"Amin, amin."

Ya zauna. Mai sayar da ganye ta ja tsaki mai tsawo daga baya, ta ɗauki kwandonta ta fita. Jami'in ya rubuta wani abu gajere ya rufe fayil.

Bai wuce gida kai tsaye ba. Ya zaga ta bakin gonakin, inda aka riga aka kakkafa turaku masu jan kai a cikin kunyoyin bara. A nan ya tsara abin da zai faɗa, ya gwada shi sau uku a bakinsa har ya zauna daidai. Mutumin da ya shekara arba'in yana ce wa masu kaya gobe in Allah ya yarda, ƙarya ba ta yi masa wuyar ɗinki.

Ya iske Auta tana ba tsohon ruwa da cokali. Ta matsa masa.

"Baba Tela, tun azahar yake kallon ƙofa."

"Kwaɗo, ai yau ka yi suna!" Ya zauna a kan bokitin yana fifita da hula. "Na shimfiɗa ta tun daga tebur har waje. Babban nasu da kansa ya taso ya tsuguna. Na ce wannan shuɗin shekara kaza, wannan farin shekara kaza. Injiniya ya rasa bakin magana. Sun ce za su duba. Sun ce ma a gaishe ka."

Idon tsohon mai kyau ya ciko da ruwa. Ya miƙo hannun hagu. Tela ya ciro naɗin ya ɗora masa a ƙirji.

Yatsun suka bi igiyar a hankali, kamar mai shafa kan jika, suna taɓa ƙyallaye. Suka iso kan ƙullin. Suka tsaya. Babban yatsa ya zagaya shi sau ɗaya, ya shiga ƙarƙashi, ya taɓa inda haƙori ya bar shaida a jikin igiya.

A lokacin Tela ya gane. Shi da ya ƙare rayuwarsa a kan zare, wanda in wani tela ya taɓa ɗinkinsa daga nesa yake ganewa, bai tuna ba cewa igiyar da aka shimfiɗa sai an kwance ta, kuma ba mai iya mayar da ƙullin nan sai wanda ke kwance.

Tsohon bai yi tsaki ba. Da ya yi, da an samu sauƙi. Ya daɗe yana duban rufin ɗaki, sannan ya juyo da idon nan ɗaya, ya tattara bakinsa, maganar ta fito a fili fiye da duk wadda ya yi tun faɗuwarsa.

"Na gode, Malam Tela."

Ya juya fuska ga bango.

Auta ta dubi ubanta, ta dubi Tela. Ita ma a gidan ta girma, ba ta taɓa jin wannan suna a bakinsa ba. Ta ajiye cokalin a cikin kofi ba tare da ya yi ƙara ba.

"Baba Tela, bari ya huta."

Washegari ya leƙa, aka ce yana barci. Rana ta biyu ya tsaya a ƙofa ya yi sallama sau biyu, ya ji motsin mutum a farke, ba a amsa ba. Ya koma shago ya hau keke. Yana cikin ɗinka hannun riga ta goma sha tara, da hantsi, ya ji kukan Auta ta kan katanga. Ya ɗauke ƙafa, keken ya ci gaba da juyi shi kaɗai kaɗan, sannan ya tsaya.

An yi jama'a wajen rakiyar gawar tsohon, don ba gidan da bai sha ruwan hannunsa ba. Har wakilin kamfani ya zo gaisuwa, ya ce an yi rashin dattijo, ya ja Tela gefe ya tambaye shi ko rigunan za su samu ƙarshen wata, tunda takardar izinin gini ta fito.

Da mutane suka ɗauke ƙafa, bayan 'yan kwanaki, Auta ta shigo shagon da rana tsaka. Ba ta zauna ba. Ta ajiye naɗin igiyar a kan tulin yadi ruwan lemo.

"Ya ce a ba ka. Ya ce na bana ba a ɗaura ba."

"Ba abin da ya ƙara cewa?"

"Babu."

Tela ya ɗauka ya fara ƙoƙarin kwance ƙullin da farce. Ya ja nan, ya ja can, ƙullin sai ƙara cijewa yake. Ya kai hannu ga almakashi.

"Kar ka yanke," in ji ta.

Ta sa yatsa biyu ta kamo wani ɗan baki da ke ɓoye a ƙarƙashi, ta ja. Igiyar ta warware gaba ɗaya ta zubo a ƙasan shagon, ƙyallaye suka baje a kan siminti.

"Ja ɗaya ne, Baba Tela," ta ce, ta fita.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, in bai yi yau ba ruwan farko zai riga shi. Ya kwashi igiyar ya fito bakin layi. Ba kowa a rijiyar sai jarkoki uku da wani ya bari a layi. Ya zura ƙarfen, ya dinga saki a hankali kamar yadda ya ga ana yi. Cushen ƙyallayen farko suka wuce ta tafinsa, shuɗin ya wuce, mai ɗigo-ɗigo ya wuce, farin uwar Auta ya wuce. Sannan igiya tsirara, ƙyalle, igiya tsirara mai tsawo, ƙyalle. Na bara ya goge bakin rijiya ya shige duhu, bai ji komai ba. Ya ci gaba da saki, ya sunkuya ya kasa kunne.

Can ƙasa, ƙarfen ya taɓa ruwa, ƙara 'yar ƙarama.

Ya danne wurin da babban yatsa, ya laluba aljihu da ɗaya hannun. Ƙyallen da ya tanada ran nan ya ɓace tun a taɓo. Abin da ya samu guntun ruwan lemo ne, ragowar wuyan riga. Ya juya shi, ya duba layin hagu da dama, sannan ya kama da haƙori ya ɗaura.

Abin da ya rage na igiyar a bayan ƙyallen bai kai kamu ɗaya ba. Ya tsaya riƙe da shi. Daga gonakin yamma ana jin motar ture ƙasa tana gwada injinta, iska kuma ta taso tana kaɗa jarkokin nan uku, suna bugun juna.